Me za mu kira bugun da ke juyowa ya nufo zuciya?

Jama'a, a taya ni neman sunan abin da likitocin zuciya ke kira "wave reflection". Duk bugun da zuciya ta yi, ƙarfinsa na bin bangon jijiyoyin jini a guje, har ya riga jinin kansa yin gaba. Idan ya isa inda jijiya ta rabu biyu ko ta tsuke, sai wani sashensa ya juyo ya nufo zuciya.

Za a iya cewa "dawowar jini", amma ban yarda da shi ba. Jini bai dawo ba, ƙarfin bugun ne ya dawo, kuma majinyaci da ya ji haka zai zaci zuciyarsa ce ke yoyo. "Igiyar jini" kuwa, kowa zai ɗauka jijiya ake nufi.

Ni dai "amsa-kuwwar bugu" ce ta kwanta mini, domin duk batun na lokacin dawowa ne. A jijiyar matashi mai laushi, bugun na tafiyar kamar mita 5 a daƙiƙa, sai amsa-kuwwar ta iso bayan zuciya ta saki, har ta taimaka wajen tura jini cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita. Idan jijiya ta ƙandare saboda tsufa ko hawan jini, gudun na iya haura mita 10, sai ta iso zuciya na tsaka da matsawa, ta ƙara mata nauyi.

A nan ne magungunan hawan jini suka sha bamban. Binciken CAFE na 2006 ya gwada masu shan amlodipine da masu shan atenolol. Awon hawan jini a dantse kusan ɗaya ne, amma a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, na masu amlodipine ya yi ƙasa da kimanin maki 4. Shi amlodipine buɗe ƙananan jijiyoyi yake yi, amsa-kuwwar ta raunana. Atenolol kuwa rage saurin zuciya yake yi, matsawarta ta tsawaita, amsa-kuwwar ta faɗo a ciki. Kada dai wani ya ajiye atenolol don ya karanta wannan, akwai masu ciwon zuciya da irinsa ne ya dace da su.

Ku gwada kalmar a baki: "maganin ya rage amsa-kuwwa", "amsa-kuwwarsa na saurin dawowa". Saura sunan awon nauyin da take ɗora wa zuciya. Ni na ce "ƙarin amsa-kuwwa", mai wanda ya fi shi ya kawo.