Saita taimin (lokacin ba fulogi wuta) a ECU, kwamfutar injin mota: abin da kowa ya gani a injinsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗaura ECU ta Speeduino a injina mai silinda huɗu, ba turbo. Saitin mai ya zauna daidai, saura teburin taimin, wato jadawalin digirin da ECU ke bi wajen ba fulogi wuta. Waɗanda suka taɓa yi, daga ina kuka fara?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka taɓa teburin nan tukuna. Kulle taimin a digiri 10 cikin TunerStudio, manhajar da ake saita ECU da ita, ka haska fulin karanshaf da fitilar taimin, ka ga ko alamar ta tsaya a 10 ɗin. An taɓa kawo min mota mai faifan haƙora 36-1 (mai gurbin haƙori 36, ɗaya a cire, wanda ECU ke karanta juyin karanshaf da shi), kwamfuta tana cewa digiri 28, injin kuwa a 34 yake, don kusurwar faifan da aka shigar mata ba daidai ba ce. Duk lambar da ke teburin ta zama ƙarya ke nan. In ka gama, taka totur zuwa juyi 3,000 a minti ka sake dubawa. Idan alamar na zamewa baya, akwai jinkirin da za ka gyara.

Mai turbo: Gaskiyar Oga ce. Ni abin da ya ba ni tsoro shi ne ƙarar da mai ke yi in ya fashe da kansa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A cikin mota ban ji komai ba, salansa ta rufe. Sai da na manna abin saurare a jikin injin, na sa a kunne. Da safe shiru, da rana iskar da injin ke shaƙa ta yi zafi, sai ƙarar ta fito. Na rage digiri 3 a wurin, na kuma sa ECU ta riƙa ja baya da kanta in iska ta ɗau zafi.

Mai daino: Ni a kan daino, na'urar auna ƙarfin inji, nake ƙara digiri 2, in duba ƙarfi. Ana zuwa inda ƙarfin ke daina hawa tun kafin a ji wata ƙara. Nan nake tsayawa, har in koma baya kaɗan, don abin da ya wuce haka fistin kawai yake wahalarwa. Ja baya da yawa ma ba tsira ba ne: na ga bakin salansa ya yi jajir saboda mai na ƙonewa a makare.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Oga, idan koyil ɗaya ke ba fulogi biyu wuta fa?

Bakanike: Bar maɓallin digiri na fitilar taimin a sifiri, ka karanta daga fuli. In ka murɗa shi, lissafin zai ruɗe maka.