Malami ya ce min ba hujja, ku duba min

Sadiq: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Na rubuta a asaimen cewa maimakon gwamnati ta riƙa bin masana'antu tana cewa ku saka na'ura kaza, gara ta yanke iyakar hayaƙin da za a fitar a shekara, ta raba wa masana'antun shi a matsayin takardun izinin fitar da hayaƙi, wanda ya rage nasa ya sayar da rarar ga wanda ya kasa, kasuwa ta yi aikin. Malamin ya zagaye shafin da jan biro ya rubuta "ba hujja". Kamar yaya? Amurka ta yi haka a 1990 kan hayaƙin salfa mai jawo ruwan sama mai asid, Bush babba ya sa hannu, kuma hayaƙin ya ragu sosai.

Hauwa: Wace kasuwa? Wa ya yanke iyakar, wa ke auna bakin bututun, wa ke cin tarar wanda ya wuce? Doka ce kawai ta canza riga.

Nura: Anti Hauwa in ana saye ana sayarwa kuma farashi na hawa da sauka ai sunanta kasuwa, ko ba kya so.

Hauwa: To Turai ta buɗe irin taka a 2005, suka raba takardun kyauta har suka yi yawa, zuwa 2007 farashin ya koma kusan sifili. Kasuwar kenan?

Nura: Wa ya raba su da yawa? Gwamnatin taki dai.

Malam Isa: Ku daina cewa gwamnati gwamnati. Majalisa ce ta yi dokar 1990, shugaba hannu kawai ya sa.

Nura: Malam da girmanka, majalisa ba gwamnati ba ce? Ɓangare uku ne fa, masu doka, masu zartarwa, masu shari'a.

Malam Isa: A Ingila in an ce gwamnati firaminista da ministocinsa ake nufi. Ka koma aji yaro.

Nura: Amurka muke magana!

Bala: Ni dai mai kuɗi ya sayi izinin shaƙe talaka, wannan jari-hujja ce tsirara.

Nura: An fara, 'yan gurguzu sun iso.

Bala: Ka ce min ɗan gurguzu a bara ma, ban manta ba.

Sadiq: Don Allah maki na fa nake tambaya, hujjar tawa ta yi ko ba ta yi ba?

Hauwa: Bari in tattara mana. Kowa ya yarda ba kasuwa ba ce, Nura ya kasa kare Turai, Malam Isa ya gyara masa zama. Sadiq kai kuma malaminka ya yi maka adalci.

Nura: Kowa wa?