An rage min sauƙin da na nema a jarrabawar lauyoyi ta Amurka, wace kotu ce ke da hurumi?

Ƴar Fagge:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, kaina ne a ɗaure.

Ni lauya ce. A gida Najeriya na yi karatu, na yi aiki a Kano kafin na zo Amurka digiri na biyu a fannin shari'a. Ina da sikila tun haihuwa, amma a gidanmu ba a maganarta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya binne ƴaƴa biyu da wannan ciwon kafin a haife ni, kuma ya kafa doka cewa kada wani na waje ya ji, don a ganinsa duk wanda ya ji ba zai zo neman aurena ba. Idan ciwo ya tashi sai a ce zazzaɓi ne. Haka na yi firamare da sakandare da jami'a. Akwai jarrabawar da daga gadon asibiti aka ɗauko ni, na rubuta da filasta a bayan hannu, na sa doguwar hijabi na rufe. Ban taɓa zuwa ofishin kowa na ce a ƙara min ko minti ɗaya ba, Mama ma har gobe alfahari take da hakan. Na faɗi wannan ne don ku gane me ya sa ba ni da wata takarda.

Yanzu ciwon ya taɓa jijiyoyin idona, an yi min aiki, idon hagu dishi-dishi yake gani. Jarrabawar nan kwana biyu ce, rana ɗaya rubutu, rana ɗaya tambayoyin zaɓi 200 cikin awa 6. Na nemi a ninka min lokaci, a bar ni da manhajar ƙara girman rubutu, a ba ni hutun da ake tsayar da agogo, da ɗakin da ba sanyi sosai. Hukumar jarrabawar ta ba ni takarda mai manyan baƙaƙe, da ɗakin, da ƙarin kwata na lokaci. Manhajar da hutun suka ce a'a, wai ba ni da tarihin samun irin wannan a baya, kuma wasiƙar likitana ba ta wadatar ba.

Wata ta ce min kotun tarayya zan je, wani ya ce kotun ƙolin jiha ce kaɗai ke da hurumi kan harkar shiga aikin lauya. Wanne ne gaskiya? Ƙarshen Yuli ya kusa.

Maman Hanif:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya ƙanwata, ya sa kaffara ne. Ɗana na biyu ma da ita yake. Makarantarsu sai da na yi ta sintiri kafin suka yarda ya riƙa shiga aji da gorar ruwa, wata malama har cewa ta yi shagwaɓa ce. Yaron da kwana yake yana kuka da ƙashi! Mutanen da ba su ga tashin ciwon nan da idonsu ba, ba za su taɓa ganewa ba. Har yau raina na ɓaci idan na tuna.

Barista na Bronx:

Ƙanwata, saurara da kyau, wannan fagena ne. Kotun tarayya, kuma cikin makon nan. Dokar kare masu naƙasa ta Amurka, wadda ake kira ADA, ta 1990, tana da sashe na musamman kan masu shirya jarrabawar lasisi, kuma gyaran da aka yi mata a 2008 ya faɗaɗa waɗanda take karewa. Batunki ma an riga an yi shi. Stephanie Enyart, wadda ciwon ido ya raunana mata gani ƙwarai, ta nemi amfani da JAWS, manhajar da ke karanta rubutu da murya, da ZoomText, mai ƙara girman rubutu, a jarrabawar Kalifoniya. Hukumar NCBE da ke tsara tambayoyin ta ce a'a, ta karɓi mai karanta mata ko wani abin dabam. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, shiyya ta 9, ta tabbatar da umarnin da aka ba ta, ta ce ma'aunin shi ne a tabbatar jarrabawa tana auna ilimin mutum, ba naƙasarsa ba. Kafin ita akwai Marilyn Bartlett a New York, mai matsalar karatu, kuma Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, ita ce ta yi mata hukunci tun tana alƙalin kotun tarayya ta farko. Ki nemi umarnin wucin gadi. Duk wanda ya ce ki jira, lokacinki yake ci.

Anti Rabi:

Barista, da girmanka, amma ka tsallake mataki. Ni a ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman nake aiki a wata jami'a, irin waɗannan wasiƙun kullum suna gabana. Ƴar Fagge, dubi ƙasan wasiƙar da suka aiko miki. Kusan kowace hukuma tana ba da damar neman a sake duba hukuncin a cikin gida, kuma wa'adin gajere ne ƙwarai. Wace rana aka rubuta wasiƙar? Wace jiha ce? Ba ki faɗa ba.

Sannan matsalarki ta takarda ce. Likitoci sun saba rubuta sunan ciwo su sa hannu. Abin da masu dubawa ke nema shi ne: nawa idon ke gani a ma'auni, minti nawa kike iya karatu kafin ya gaji, me zaman awa 3 ba motsi yake jawo wa mai sikila, kuma me ya sa manyan baƙaƙe ba za su maye gurbin manhajar ba. Ki koma wurin likitan ido da likitan jini, kowa ya rubuta nasa, buƙata ɗaya bayan ɗaya. Ke kuma ki rubuta bayanin dalilin rashin tarihi, kamar yadda kika gaya mana. Ma'aikatar shari'a ta fitar da bayani a 2015 wanda ya nuna rashin samun sauƙi a baya ba ya hana mutum samu yanzu. A makarantar da kika yi digiri na biyu, ba ki nemi komai ba?

Ƴar Fagge:

Anti na gode. Sunan jihar ba zan faɗa ba, mu ƴan ƙasarmu da ke zana ta a nan ba mu da yawa, za a gane ni, kuma dangin mijina ba su san da ciwon ba. A makaranta ban nema ba saboda ban buƙata ba. Yawancin darussana rubutu ne na gida, ina yi a kwamfutata da girman da nake so, in huta lokacin da na ga dama. Me zai sa na je na tona asirina a ofis kan abin da nake iya yi da kaina? Likitana kuma mutumin kirki ne, ya yi min ƙoƙari sosai, ina jin nauyin na koma na ce wasiƙarsa ba ta yi ba.

Malam Ɗanjuma:

Hajiya, amsar tambayarki tana cikin sunan jihar da kika ɓoye, shi ya sa kike jin magana biyu. A Amurka kowace jiha ce ke da ikon ba da lasisin lauya, kuma a mafi yawansu hukumar jarrabawa reshe ce ta kotun ƙolin jihar. A Kalifoniya, idan ka gama da matakan cikin gida, kai tsaye kotun ƙolin jiha kake kai koke, cikin kwana 60. A New York hanyar dabam ce, ƙara ake shigarwa a kotun jiha ta matakin farko ƙarƙashin abin da suke kira Sashe na 78, wa'adinsa wata 4.

Barista kuma bai gaya miki haɗarin ba. Akwai hukuncin Feldman na 1983, wanda shi ma kan shiga aikin lauya ne. Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙaramar kotun tarayya ba ta da hurumin sake duba hukuncin da babbar kotun jiha ta yanke kan mutum. Wato idan kika fara da kotun ƙolin jiha ta ƙi ki, ƙofar tarayya na iya rufuwa. Idan kuma kika fara da tarayya, hukumar za ta ɗaga kariyar da tsarin mulki ya ba jihohi daga kai su ƙara a kotun tarayya. A 2023, a shari'ar Kohn, shiyya ta 9 ta ce ƙungiyar lauyoyin Kalifoniya tana da wannan kariyar. Shiyya ta 2 ma ta yi hukunci mai kama da haka a shari'ar T.W. kan hukumar New York. Duk ƙofar da za ki bi, ki san abin da kike bari a baya.

Barista na Bronx:

Malam, karatu ka yi, ni aiki nake yi. A Kohn da T.W. an riga an gama jarrabawa kafin waɗannan hukunce-hukuncen, babban abin da suke nema diyya ne. Ita kuɗi take nema? Kujera take nema da manhaja. Tun 1908, a shari'ar Ex parte Young, aka buɗe hanyar kai jami'an jiha kotun tarayya don a tilasta musu bin dokar tarayya nan gaba, kariyar ba ta hana wannan. Feldman kuwa sai kotun jiha ta riga ta yi hukunci yake aiki, wanda shi ne dalilin da na ce kada ta fara da can. Kai da kanka ka ƙarfafa maganata. Anti kuma, neman bita na cikin gida a wurin mutanen da suka riga suka ce a'a, sau nawa kika ga ya canza wani abu?

Anti Rabi:

Sau da yawa, Barista, idan an kawo sabuwar shaida. Kuma wane alƙali ne zai ba da umarnin gaggawa a kan wasiƙar likita mai layi biyar? Ko kotun za ta je, takardun nan take buƙata. Kuɗin lauyan kuma kai za ka biya mata? Ƴar Fagge, kowace jiha tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyi, suna da lauyoyi kuma ba sa karɓar kuɗi. Ki kira su gobe da safe.

Baban Yusra:

Ku dai kuna da kotun zuwa. Ƙanena makaho ne, a gida ya yi karatun shari'a. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci tun Janairun 2019, amma ranar wata jarrabawarsa mai karanta masa bai zo ba, aka ce ya jira, ya yini a baranda. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ni shawarata ki ɗage zuwa Fabrairu, ki shirya takardunki a tsanake. Lafiya uwar jiki, kada ki je ki faɗi a ɗakin jarrabawa.

Ƴar Fagge:

Yaya, ɗagewa ba za ta yiwu ba. Izinin aikin da ake ba mu bayan karatu wata 12 ne, kuma ofishin da ya ɗauke ni da sharaɗin zana ta Yuli ya ɗauke ni. Na biya kuɗin darasin shiri da bashin da yayata ta ci min. Barista, maganarka ta fi kwanta min, amma idan na shigar da ƙara sunana da ciwona za su fito a takardun kotu, ko ba haka ba? Wannan shi ne abin da na kwashe rayuwata ina gudu. Ina ma tunanin na karɓi abin da suka ba ni na zana haka, ai na saba.

Barista na Bronx:

Ana iya roƙon kotu ta ɓoye suna, ba ki ga T.W. haruffa biyu ba ne? Alƙali ne ke da zaɓin yarda. Amma batun ki zana haka, kada ki soma. Idan kika ci, za su ce kin ga ba ki buƙata. Idan kika faɗi, kin yi asarar wata 7.

Malam Ɗanjuma:

Karɓar abin da aka ba ta ba lallai ya zama ta yafe sauran ba, in dai ta rubuta musu cewa ba ta amince ba. Amma wannan ma sai an duba ƙa'idar jihar.

Maman Hanif:

Ni dai ki sha ruwa sosai, kuma ki gaya wa mijinki halin da ake ciki, ya raka ki wurin likitan.

Anti Rabi:

Har yanzu ba ki faɗi kwanan watan da ke kan wasiƙar ba. Ki duba yanzu don Allah.

Ƴar Fagge:

Mijina ya sani, danginsa ne ba su sani ba. Anti, wasiƙar ta ɗan kwana biyu, lokacin da ta zo ina kwance ban buɗe da wuri ba. Zan duba idan na koma gida. Barista, kamar nawa lauya zai nema don umarnin gaggawar?