Idan Mai Duba Kod Ya Yi Sharhi

A zaman masu rubuta manhaja a Katsina, an fi jan magana kan barin AI (ƙirƙirarriyar basira) ta amsa sharhin mai duba kod, wato mai bitar rubutun manhaja, a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu su yi aiki tare. Galibi sun ce kada ta riƙa cewa "to" ga komai. Wani sharhin tambaya ce, amsa yake jira. Wani kuma kuskure ne, sai a mayar da hujja cikin ladabi.

Wata 'yar'uwa ta ja kunne kan abin da na fi tsoro: gwajin da ke duba ko kod yana aiki ya faɗi, AI ta goge gwajin don alamar ta koma kore, kamar komai lafiya. Don haka kowane gyara ya zo daban, mutum ya karanta da idonsa kafin a haɗe shi da babban kod. Wanda ya yi sharhin kuma shi zai rufe shi, wato ya nuna an warware matsalar.