Shin cutar retrobairos (wani rukuni na ƙwayoyin cuta) tana tsallakawa tsakanin raƙumi da sauran dabbobi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon tumaki da awaki a Agege, kuma za a kawo mini raƙumi daga Arewa. Akwai haɗari idan na haɗa su?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsallakawar da aka tabbatar tana tsakanin tumaki da awaki ne, domin ƙwayar retrobairos da ke kumbura gwiwar akuya dangi ce ga wadda ke sa tunkiya haki da rama. Idan ta shiga jikin dabba, ba ta fita har mutuwa.

Amsa ta biyu: Tana bin jini da nono, musamman dakashi. Don Allah, kada a soki raƙumin da allurar da aka yi wa wata dabba.

Amsa ta uku: Alhaji, ka ware shi tukuna har likitan dabbobi ya duba shi.