Wai sai da JavaScript ake gina tab?

Mai Zafin Kai: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tab uku kacal a saman shafi, Gida, Kaya, Tuntuɓe Mu, amma sai an loda jQuery da Bootstrap, waɗannan tarin kod da aka riga aka shirya, datar mai waya tana ƙonewa a banza. CSS kaɗai ya isa. Ka sa input uku na radio masu name iri ɗaya, kowanne da label ɗinsa, ka ɓoye sassan, sai :checked da alamar ~ su fito da wanda aka taɓa. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Injiniya: Malam, kafin hujja, abin da ka lissafa ba tab ba ne. Gida da Tuntuɓe Mu shafuka ne daban, kowanne da adireshinsa. Wannan aikin nav ne, ul a ciki, li da a, sannan aria-current="page" a kan shafin da ake ciki. Tab na gaskiya yana musanya abin da ke cikin shafi ɗaya ba tare da an bar shi ba.

Mai Zafin Kai: Mai shafin ya ce tab, mai ziyara ya ga tab. Kai ne za ka canja masa suna?

Injiniya: Mai ziyara da ke gani, e. Makaho da ke amfani da manhajar karatu mai karanta masa shafi da murya, irin TalkBack ko NVDA fa? Naka zai ji an ce masa radio ne, ɗaya cikin uku, ya ɗauka fom zai cike.

Tsohon Hannu: Ku yaran yanzu kuna son wahalar da kanku. Tun 2003 Douglas Bowman ya fito da dabarar Sliding Doors a mujallar intanet ta A List Apart, jerin mahaɗai ne da hotuna biyu a bayan kowanne don kusurwa ta lanƙwasa, kuma duniya ta kira su tab. Babu wanda ya ce a sake suna.

Hajiyar Kod: Baba, da girmanka, wancan zamanin babu border-radius mai lanƙwasa kusurwa a CSS ne. Kuma Injiniya bai yi ƙarya ba. In tab na cikin shafi kake so, ga tsarinsa: uwar maɓallan ta ɗauki role="tablist", kowane button ya ɗauki role="tab" da aria-controls mai nuna id na sashensa, sashen kuma role="tabpanel". Wanda ke buɗe aria-selected="true" da tabindex="0", sauran tabindex="-1". Kibiyar hagu da dama su zagaya tsakaninsu, Home ya kai na farko, End na ƙarshe. CSS ba ya iya canja aria-selected. Dole JavaScript, amma layi talatin sun wadatar, ba sai an ɗauko jQuery ba.

Ɗan Bootstrap: To me ya kawo wahalar? data-bs-toggle="tab" ka gama. Kuma mai buɗe zance ya gyara maganarsa, Bootstrap 5 ya rabu da jQuery tun 2021.

Mai Zafin Kai: Ga irinsu nan. Ka loda buhu guda don ka ɗebi cokali.

Ɗan Bootstrap: Buhun da aka gwada a kan kowace burauza. Naka wa ya gwada?

Tsohon Hannu: Kada wanda ya zagi jQuery a gabana. Tun 2006 take aiki, nauyinta in an matse bai wuce kilobait talatin da 'yan kai ba. Hoton da kuke sawa a saman shafi ya ninka ta sau nawa?

Hajiyar Kod: Ba zagi ba ne Baba. querySelectorAll da classList sun ɗauke aikin, Internet Explorer ɗin da ake lallaɓawa kuma Microsoft ta yi masa ritaya a Yunin 2022.

Injiniya: Mu koma kan tab. In ka sa role="tab" a kan mahaɗin da zai kai mutum wani shafi, ka yi wa manhajar karatu ƙarya, ɓarnar ta fi ta barin shi babu komai.

Mai Zafin Kai: Ni ban sa role ko ɗaya ba.

Injiniya: Shi ya sa na ce ba tab ba ne.

Ɗalibi: Sallama dai manya. Na bi hanyar radio ɗin, amma allon rubutu ba ya kai wa kansu. Kuma akwai 'yar tazara tsakanin maɓallan da ta ƙi fita.

Hajiyar Kod: Wannan display:none da ka sa a kan input ɗin, shi ya cire shi daga layin allon rubutu. Mayar da shi position:absolute da opacity:0, sannan ka ba label ɗin outline ta hanyar :focus-visible a kan input ɗin. Tazarar kuwa ta inline-block ce, gurbin da ke tsakanin layukan HTML ne yake fitowa, kusan fiksel 4. Sa display:flex a kan uwar, ka daidaita da gap. Don tab ɗin da ke buɗe ya haɗe da sashensa, ba shi margin-bottom:-1px, launin iyakarsa ta ƙasa ya zama na bango. A waya kuma overflow-x:auto da white-space:nowrap, tsayin maɓalli kada ya gaza fiksel 44, yatsa ba linzami ba ne.

Tsohon Hannu: float:left ma yana yi.

Ɗan Bootstrap: Yana yi, sai uwar ta rufta, ka dawo neman dabarar clearfix don gyara ta.

Tsohon Hannu: Yaro, kana ina aka ƙirƙiro clearfix ɗin?

Ɗalibi: Hanyar :target fa?

Injiniya: Bar ta. Shafi yana tsalle zuwa sashen, kowane taɓi yana shiga tarihin burauza har mai son komawa baya ya gaji da dannawa, kuma da farkon buɗewa babu sashen da ke bayyane sai ka yi wata dabara.

Ɗan Bootstrap: Bari in taƙaita, dare ya yi. An yarda CSS kaɗai bai isa ba, an yarda rubutawa da hannu jerin sharuɗɗa ne da Hajiya kaɗai ta haddace, saboda haka kowa ya ɗauki Bootstrap ya huta.

Hajiyar Kod: Wa ya yarda? Ɗalibi, in ka koma JavaScript ka lura, hidden ba ya ɓoye sashen da ka ba display:flex a CSS, sai ka ƙara masa display:none da kanka.

Mai Zafin Kai: Har yanzu babu wanda ya taɓa maganar data.