Ranar Farko a Gaban Na'urar Gaiga: Musayar Gogewar Waɗanda Suka Karanci Kemistirin Nukiliya

Malamin kemistiri, Katsina:

Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma duk lokacin da muka iso babin nukiliya a aji shida sai in ga ɗalibai sun haddace cewa a cikin nau'o'in tururin nukiliya, wato ƙwayoyi da hasken da ba a gani waɗanda wasu sinadarai ke fitarwa, takarda na tare ƙwayar alfa, fallen alminiyom na tare beta, gamma kuwa sai dalma mai kauri ke rage ƙarfinta, amma da ka dubi fuskokinsu ka san maganar ba ta zauna musu ba. Ba mu da na'urar awo ko ɗaya. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa auna tururin nukiliya da hannunsa ya ba mu labarin ranarsa ta farko, da abin da ya gane a ranar wanda littafi bai ganar da shi ba, domin in sami abin da zan kai wa yaran nan.

Bari in fara da nawa. Muna shekara ta uku a jami'a aka kunna mana na'urar Gaiga, wato na'urar ƙirga tururin nukiliya, ba a ajiye komai a gabanta ba, sai ga ta tana ƙas, ƙas, wajen sau 20 a minti, wani lokaci biyu a jere, wani lokaci ta yi shiru har ka ɗauka ta mutu. Na ce wa mai kula da ɗakin gwajin na'urar ta lalace. Ya ce in zauna in rubuta abin da ta ƙirga na minti goma. Daga baya ya bayyana mana cewa wannan shi ne tururin da muke rayuwa a cikinsa kullum: wani daga sararin samaniya yake zuwa, wani daga ƙasa da bulon da aka gina ɗakin, wani kuma daga jikinmu, domin a jikin babban mutum ƙwayoyin fotashiyam-40 kusan 4,000 ne ke rikiɗa a kowace daƙiƙa. Tun ranar na daina ɗaukar tururin nan a matsayin abin da ya tsaya ga bam da Hiroshima kaɗai.

Ɗalibar digiri na biyu, Kano:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Ni gwajin rabin wa'adi, wato lokacin da sinadari ke ɗauka kafin rabinsa ya rikiɗa, shi ne na farko, kuma har yanzu ina ajiye da takardar. An ba mu wata 'yar na'ura kamar murfin kwalba wadda ke ɗauke da siziyom-137 a maƙale a ciki. Ana tura ruwan gishiri mai ɗan asid da sirinji, ya wanko bariyom-137m, wato abin da siziyom ɗin ke rikiɗa ya zama, shi kuma siziyom ya tsaya inda yake. Nan ne na fara ganin inda kemistiri ya shigo cikin lamarin, domin abin da ya raba su biyun ba wani abu ba ne illa bambancin halinsu a cikin ruwa. Ɗigo bakwai muka tara a ɗan faranti, muka sa a ƙarƙashin na'ura, ɗaya tana duba agogo, ɗaya tana karanta lamba, ni ina rubutawa duk rabin minti. Muna kallo lambar tana sauka, daga wajen 800 zuwa 400 cikin minti biyu da rabi, sannan zuwa 200, kuma kafin rabin awa ruwan da muka yi ta kaffa-kaffa da shi ya koma daidai da iskar ɗakin.

Da muka zana jadawali sai lissafinmu ya ba mu fiye da minti uku, alhali sanannen adadi shi ne minti 2.55. Mun yini muna neman inda muka kuskure. Ashe ba mu cire tururin ɗakin da Malam ya ambata ba, wanda a farko ba ya da wani tasiri, amma idan lambar ta yi ƙasa sai ya riƙe wutsiyar jadawalin ya hana ta sauka yadda ya kamata. Abu na biyu da ya dame ni shi ne babu lambobi biyu da suka zo daidai, ko da an auna abu ɗaya sau biyu a jere. Malamarmu ta ce kada mu zargi na'ura, domin babu mai iya faɗin lokacin da ƙwaya ɗaya za ta rikiɗa. Sai an tara su da yawa ƙa'ida take bayyana. Wanda ya ƙirga 100 yana iya samun bambancin kusan 10 sama ko ƙasa, wanda kuwa ya haƙura ya ƙirga 10,000 bambancinsa ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane wuyar koyarwa a allo.

Mai binciken ƙasar noma, Zariya:

Ni ta hanyar ƙasar gona na shiga wannan fage. Samfurorina na kai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda tukunyar nukiliyar bincike ta Najeriya take tun 2004. Ƙarama ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, ƙirar ƙasar Sin, irin wadda Ghana take da ita a Kwabenya kusa da Accra, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa aka mayar da tsohon makamashin zuwa Sin. Aikin da ake yi da ita yana da daɗin fahimta. Ana auna ɗan garin ƙasa wanda bai kai cikin ƙaramin cokali ba, a rufe shi a 'yar robar da aka wanke sosai, iska ta harba shi ta bututu zuwa cikin tukunyar, ƙwayoyin niyutiron da tukunyar ke fitarwa su buge shi na ɗan lokaci, sannan ya dawo kowane sinadari da ke cikinsa yana fitar da gamma mai ƙarfin da ya keɓanta da shi. Na'urar da ke karantawa ta jamaniyom ce, ana sanyaya ta da ruwan naitirojin, kuma a fuskar kwamfuta sai ka ga tsaunuka suna tasowa a hankali, kowane tsauni da sunan sinadarin da yake nunawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda agogo ke mulkin aikin gaba ɗaya. Alminiyom-28 rabin wa'adinsa bai kai minti biyu da rabi ba, don haka da samfur ya fito sai a hanzarta. Manganis-56 yana ba ka awa biyu da rabi. Sodiyom-24 kuwa awa 15 ne, kuma idan ya yi yawa sai ka jira kwanaki ya lafa kafin ƙananan tsaunukan da ya rufe su bayyana. A ranar farko na miƙa hannu zan ɗauki robar samfur da yatsuna, tun ma ba a saka ta a tukunya ba, sai ma'aikacin ya dakatar da ni ya miƙo mini hantsaki. Na zaci lafiyata yake karewa. Ya ce a wannan matakin samfurin yake karewa daga gare ni, domin gishirin da ke cikin gumin yatsa ya isa ya ƙara sodiyom a sakamakon.

Ma'aikaciyar sashen likitancin nukiliya a wani asibitin koyarwa:

Malam, ka gaya wa ɗalibanka cewa akwai wuraren da rabin wa'adi yake nufin ko a duba mara lafiya yau ko a ce ya koma gida. Abin da muka fi amfani da shi wajen ɗaukar hoton ƙashi da ƙoda da zuciya shi ne teknetiyom-99m, wanda rabin wa'adinsa awa shida ne kacal, saboda haka ba ya ajiyuwa balle a yi odarsa daga nesa. Abin da ake kawowa daga ƙasar waje shi ne uwarsa, molibdinom-99, mai awa 66, a cikin tulun dalma mai nauyi, kuma kowace safiya mukan zuba ruwan gishiri mu wanko teknetiyom ɗin da ya taru cikin dare. A wurin aiki tatsa muke ce wa wannan, kuma sunan ya dace, domin gobe ma za a samu, sai dai bai kai na yau ba. Kowace rana tulun yana rasa fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa.

A makona na farko an riƙe mana kaya a hanya kwana uku saboda takardu. Da suka iso muka auna, fiye da rabi ya tafi. Na tsaya ina kallon jerin sunayen mutanen da suka taso daga garuruwa masu nisa, wasu sun kwana a barandar asibiti, shugabar sashen tana lissafin wa za a fara yi wa, wa zai jira wani makon. Ban taɓa jin nauyin wata lamba a littafi kamar ranar ba. A ranar ce kuma aka maƙala mini bajon da ke tara adadin tururin da jikina ya sha, aka koya mini abubuwa uku da har yau nake maimaita wa sababbi: rage lokaci, ƙara tazara, sa kariya. Tazarar ce mutane suka fi rainawa, alhali idan ka ninka nisanka sau biyu abin da ke iso ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Tsohon ma'aikacin awon ma'adinai, Arlit:

Ina gaishe ku duka. Mu a nan da yuraniyom muka tashi, tun da aka fara haƙarsa a 1971, kuma mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akokan sai a watan Maris na 2021 aka rufe ta. A lokacin horo malaminmu ya ajiye mana abu biyu a tebur: ɗanyen dutsen ma'adini mai kyau, da kwalbar garin yuraniyom rawaya da aka tace kwanan nan. Ya ce mu faɗi wanda zai fi tayar da na'urar gamma. Dukanmu muka nuna garin, tunda shi ne yuraniyom kusan tsantsa. Da aka auna, aka kwatanta da yawan yuraniyom ɗin da ke cikin kowanne, sai dutsen ya yi masa fintinkau. Dalili shi ne yuraniyom-238, mai rabin wa'adin shekara biliyan 4.5, ba shi ne ke fitar da yawancin gamma ba. Jikokinsa ne, wato sinadaran da yake rikiɗa ya zama ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda ke biyo bayan radiyom-226. Asid ɗin da ake jiƙa dutse da shi yana kwashe yuraniyom ya bar radiyom a cikin dusar da ake tarawa a bayan masana'anta, kuma radiyom shekara 1,600 yake yi kafin ya ragu da rabi, yana ta fitar da iskar radon. Wannan ya sa duk mai hankali a garinmu ya fi sa ido kan tudun dusa da ƙurar da iska ke kwasowa daga gare shi fiye da gangunan da ake lodawa a mota.

Malamin fiziks mai ritaya, Jos:

Abin da ɗan'uwanmu na Arlit ya faɗa haka yake a wurinmu, sai dai mu toriyom ne a cikin baƙin yashin da aka bari bayan wanke kuza, kuma na sha ganin na'ura ta haukace a kan tulin yashin da yara ke wasa a gefensa. Amma ina da jan hankali ga Malam. Na lura yawancinku kuna ba da labarin yadda tsoro ya ragu, to kada a kai wa yara rabin magana. A 1987, a birnin Goiânia na Brazil, masu jari-bola sun fasa wata na'urar gashin ciwon daji da aka yasar, suka ga gari mai shuɗin haske a duhu, aka yi ta rabawa 'yan'uwa da maƙwabta. Siziyom-137 ne, irin wanda 'yarmu ta Kano ta yi gwaji da shi, sai dai ya ninka nata sau miliyoyi. Mutum huɗu suka rasu, aka auna fiye da mutum 100,000. Yawancin ɗalibanka ba za su shiga ɗakin gwaji ba, amma wasunsu za su yi sana'ar gwangwan, don haka ka zana musu alamar nan mai fuka-fuki uku a kan rawaya, ka ce duk ƙarfen da suka gan ta a jikinsa kada su fasa, kada su kai gida, su nisance shi su sanar da hukuma.

Malamin kemistiri, Katsina:

Na gode ƙwarai, Baba, kuma da alamar zan buɗe darasin ranar Litinin in Allah ya kai mu. Na yanke shawarar sa yara su tara murafun kwalba 200, mu zuba a tire mu watsa, mu cire duk wanda ya kife, mu ƙirga saura mu sake watsawa, kowane rukuni ya zana jadawalinsa, domin su ga da idonsu yadda ƙa'ida ke fita daga abin da ba a iya faɗinsa ɗaya-ɗaya. Wani abokina kuma ya yi alkawarin aro mini na'urar Gaiga ta yini ɗaya. Ina tunanin in gwada ta a kan kanwa, tunda ana ce mata fotash, ina zaton akwai fotashiyam a cikinta.

Ɗalibar digiri na biyu, Kano:

Malam, kada ka dogara da kanwa, domin yawancinta gishirin sodiyom ne, na'urar ba za ta nuna wani abin kirki ba. Ka nemi takin zamani na fotash zalla, mai ja-ja ɗin nan, ka cika faranti da shi ka kusantar da na'urar sosai. Kafin nan ka sa yaran su ƙirga tururin ajin na minti goma babu komai a gabanta, su rubuta a gefen allo, sannan a kawo takin.